Ranar da Na'ura Ta Tsallake Isuhu

A duk shekarun da na yi ina shiga gidajen mutane da tambayoyi, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na shiga wani kur, wato gidan haya mai tsakar gida ɗaya, a unguwar Williamsville ta Abidjan, na'ura ta zaɓi Alhaji Mamman ta tsallake ɗansa. Duk sanda aka ba ni sababbin ma'aikata irinku in horar, sai na ba su labarin nan kafin in miƙa musu tabilet. Ku ma ku yi haƙuri ku saurara.

Sunana Ramatu. A unguwar Treichville, nan Abidjan, aka haife ni, amma iyayena mutanen Madawa ne ta ƙasar Nijar. Bakina ne ya sa ofishinmu ya ɗauke ni tun farko: ina jin Hausa, ina jin Jula, ina jin Faransanci. A lokacin ni anketris ce kawai, wato mai bi gida-gida tana tambaya. A samana akwai shef ɗin ayarinmu, wato shugabanmu, Musye Kone. Shi ke raba mana unguwanni, shi ke duba aikinmu kowace yamma kafin a tura shi ofis.

Binciken da aka tura mu a waccan damina ba irin wanda muka saba ba ne. Mun saba tambayar yara nawa ne a gida, an yi musu rigakafi ko ba a yi ba, ina ake ɗibar ruwa. Wannan karon ana so a san yawan mutanen ƙasar nan da ke fama da ciwon damuwa da fargaba, irin wanda ke hana mutum barci da cin abinci da fita nema. Wata likita da ta zo wajen horonmu ta ce yawancin masu wannan ciwo ba sa zuwa asibiti, shi ya sa ba a san yawansu ba. In kuwa ba a san yawansu ba, ba za a san likita nawa za a horar ba, ko magani nawa za a tanada.

Ga yadda aikin yake, ga wanda bai sani ba. Ba mu ke zaɓar gida ba, ofis ke ba mu gidajen da ƙuri'a ta faɗa musu. In ka shiga, sai ka sa sunan duk baligin da ke kwana a gidan kuma yake ci daga tukunyarsu. Kana gamawa sai ka danna, na'ura ta fitar da suna ɗaya. Shi kaɗai za ka yi wa tambayoyi. Ba ka da ikon musanya shi da kowa, ko da wani ya ce shi ya fi iya magana.

Wahalar kuma ba ta tsaya nan ba. Ka tambayi Bahaushe ko ransa na ɓaci a makonni biyun da suka wuce, alhamdu lillahi zai ce maka. Ka tambayi ɗan Abidjan, zai ɗaga kafaɗa ya ce "ça va aller", wai komai zai wuce. Sai ka yi ta zagayawa ta wajen barci da abinci da ƙarfin jiki kafin ka ji gaskiya, in ma za ka ji ta.

Ran nan woro-woro, ƙaramar motar haya, ta sauke ni a bakin layi bayan azahar, ƙasa duk caɓi saboda ruwan da aka yi da safe. Kur ɗin irin wanda kuka sani ne: dogon tsakar gida, ɗakuna suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakiya, igiyoyin shanya ko'ina. Ɗakuna uku na ƙurya na Alhaji Mamman ne, wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Adjamé, wanda ya zo Abidjan tun yana saurayi. Na same shi a kan tabarma yana jan carbi. Da ya ji na yi sallama da Hausa sai fuskarsa ta saki.

"Ɗiyar wa ce ke?"

Na faɗa masa sunan mahaifina da garinmu. Ya ce ya san mutanen Madawa da yawa, ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Na bayyana masa abin da ya kawo ni, ya ce ba laifi. Da na nemi sunayen mutanen gidan, ya ba ni nasa, da na matarsa Hajiya A'isa, da na surukarsa Zainabu. Daga nan ya yi shiru.

"Baba, mijin Zainabu fa? Yana tafiya ne?"

Wata matashiya da ke wanki a bakin famfo ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Yana ciki." Ita ce Zainabun.

Alhaji ya kalle ta, sannan ya juyo gare ni. "Isuhu ba shi da lafiya. Ba zai iya magana da baƙi ba."

Na ce ko ba shi da lafiya, in dai nan yake kwana, wajibi ne in sa sunansa. Ya ɗaga hannu alamar in yi yadda na ga dama. Na sa suna huɗu, na danna. Sunan Alhaji ya fito.

Na ja kujera nesa da mutane gwargwadon yadda kur ke bari, na fara. Barci? Ya ce yana gama isha'i yake kwanciya, sai kiran asuba. Abinci? Ya yi dariya ya ce in tambayi Hajiya. Ko akwai abin da da yake jin daɗinsa yanzu ya fita ransa? Babu. Da na zo tambayar ƙarshe, ko ya taɓa jin rayuwa ta ishe shi har ya gwammace mutuwa, sai ya ɗaure fuska.

"Musulmi ba ya faɗin wannan magana, ɗiyata. Rubuta babu."

Na rubuta babu. Kuma na yarda gaskiya ya faɗa mini. Tsoho ne mai ƙarfin zuciya, lafiyarsa lau.

Ina tsaye a bakin titi ina jiran mota sai na ji ana kirana. Zainabu ce, hannunta da sauran kumfa, 'yarta ƙarama goye a bayanta. A nan Abidjan aka haifi Zainabu, Faransancinta ya fi Hausarta, don haka gauraya su take yi.

"Tanti, tsaya don Allah. Na ji tambayoyin da kika yi wa Baba. Dukansu na Isuhu ne. Ɗaya bayan ɗaya, nasa ne."

A tsaye ta ba ni labarin. Isuhu yana aiki a por, wato tashar jiragen ruwa, yana tuƙa injin ɗaga kaya a wani sito. Wata rana yana ɗauke da buhunan shinkafa, katakon da ke ƙarƙashinsu ya karye, kayan suka zubo a kan abokin aikinsa Drissa, wanda tare suke cin abincin rana kullum. Drissa bai kai asibiti ba. An yi bincike an ce ba laifin Isuhu ba ne, shef ɗinsa ma ya zo har gida ya ce ya koma aiki. Ya koma na ɗan lokaci, sai ya fara cewa hannunsa na rawa in ya hau injin. Daga nan ya daina fita. Watanni ke nan yana ɗaki. Ba ya ci sai an matsa masa, ba ya ɗaukar waya, har masallaci ya bari. Wasu a kur suna cewa iska ce, wasu sammu, wasu kuma lalaci.

"Ki dawo ki tambaye shi, tanti. Ni in na yi magana shiru yake yi."

Da yamma na samu Musye Kone a cikin motar ayari yana duba aikinmu. Na roƙe shi ya bar ni in cire Alhaji in sa Isuhu, tunda shi ne ainihin wanda aka aiko mu nema. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a'a.

"Ramatu, in kowannenku ya shiga gida ya zaɓi marar lafiya, sakamakon zai ce duk ƙasar ba ta da lafiya, kuma babu wanda zai yarda da shi. In kuka zaɓi wanda ya fi sauƙin magana, zai ce kowa lafiya. Shi ya sa aka bar wa na'ura. A wani gidan za ta faɗa kan irin Isuhu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ku ma ita zan koya muku. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce doka ta hana in sa Isuhu a tabilet, ba ta hana in je in gaishe shi ba. Ya ba ni lambar likitar da ta horar da mu, wadda ke ganin masu irin wannan ciwo a wani asibiti a Treichville, da katin da muke ba wanda amsoshinsa suka nuna yana cikin haɗari.

Ran Lahadi da hantsi na koma, ba tabilet, ba rigar aiki. Alhaji ya tafi ɗaurin aure. Zainabu ta ɗaga labule, muka shiga tare. Ɗakin a rufe yake ruf, ga zafi ga warin danshi. Isuhu na zaune a ƙasa ya jingina da gado. Dogo ne, daga ganin kafaɗunsa ka san da ƙaƙƙarfa ne, amma rigarsa ta yi masa yawa.

"Ke ce mai ƙirga mahaukata?" ya ce da Faransanci.

"A'a. Gaishe ka na zo yi."

Na ba shi labarin Treichville, layin da na girma, wani mai gasa kifi da ke kusa da ƙofar por wanda ashe shi ma ya san shi. A hankali ya fara amsawa. Can sai ya ce, wannan karon da Hausa:

"Ni ba abin da ke mini ciwo. Ki duba, jikina lafiya. Amma da safe in na buɗe ido, haushi nake ji da na farka. In na rufe ido kuma sai in ga ƙafar Drissa a ƙarƙashin buhunan. Yana da yara uku. Ni ina nan ana ba ni abinci."

Na yi masa tambayar nan ta ƙarshe, wadda mahaifinsa ya ƙi ji. Ya kalli 'yarsa da ke wasa da murfin tukunya a bakin ƙofa.

"Wasu ranakun," ya ce.

A horo an gaya mana abin da za mu yi in muka ji haka: kada a ɗaga zuwa gobe. Nan take na kira likitar, na ba shi wayar. Sun daɗe suna magana. Da ya mayar mini, ta ce a kawo shi washegari da safe, kada a bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci. Na tambaye shi ko zai je. Ya ce, "In Baba ya yarda."

Muna cikin haka Alhaji ya dawo. Da ya ji abin da ake ciki, duk fara'ar da ya yi mini ran farko ta tafi.

"Na ba ki kujera na ba ki ruwa, ashe zagayowa za ki yi ta bayana? So kike a ce ɗan Alhaji Mamman an kai shi Bingerville?"

A Abidjan in aka ce an kai mutum Bingerville, kowa ya san asibitin masu taɓin hankali ake nufi, kuma sunan ba ya barin mutum har ya mutu. Na ce ba can ba ne, ba kuma kwantar da shi za a yi dole ba, likita ce za ta gan shi ta ba shi magani ya dawo gida. Ya ce gobe duk kasuwar Adjamé za ta ji, kuma 'yar nan da ke wasa a ƙofa wata rana aure za a nema mata, a tona asalinta. Ya ce wani Malam Sani na yi wa Isuhu rubutu, ya isa.

Hajiya A'isa ce ta ce to a kira malamin a ji ta bakinsa. Malam Sani mai makarantar allo ne a bayan layinsu, tsoho siriri mai magana a hankali. Ya zo ya zauna ya ji kowa. Ni dai na ɗauka ya gama da ni, sai na ji ya ce:

"Alhaji, rubutu ba zan daina ba, addu'a ma haka. Amma na daɗe ina kallon yaron nan, abin gaba yake yi. Da ƙafarsa ce ta karye, da tuni ka kai shi a ɗora, ni kuma ina biye da addu'a. Ka kai shi."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce ya ji, zai kai shi. Amma gobe motar albasarsa ke isowa daga Nijar, dole ya tsaya a sauke. Jibi shi da kansa zai kai ɗansa, ba zai bari mata su ja shi a titi mutane na kallo ba. Na ce likita ta ce gobe. Malam ya ce shi zai raka Isuhu goben. Alhaji ya ce ya gama magana. Na sake kiran likitar a gabansa, ta roƙe shi, ya ce mata jibi in Allah ya yarda. Abin da muka iya samu ke nan, sai alkawarin cewa za a sa wa Isuhu ido.

Washegari an tura ayarinmu Treichville. Ina tsakiyar tambayar wata mai sayar da aceke, dambun rogo, sai wayata ta yi ƙara. Zainabu ce, muryarta cike da murna.

"Tanti, zuwanki ya yi amfani! Ya tashi ya yi wanka, ya ci burodi da shayi, ya ɗauki 'yarsa ya yi ta wasa da ita. Har ya nemi gafarata a kan wahalar da ya ba ni. Ya sa kayan aikinsa ya ce zai je por ya ga shef ɗinsa."

Likitar ta gaya mana a horo cewa in wanda ya daɗe a irin wannan hali ya warware dare ɗaya, yana sallama da mutane yana neman gafara, to a ƙara sa ido, ba a saki jiki ba.

"Wa ya raka shi?"

"Babu kowa. Ya ce in zauna da yarinya. Tanti, lafiya?"

Na ba matar nan haƙuri na fita na kira Musye Kone. Bai yi mini tambaya biyu ba, ya zo da motar ayari. Muka je ƙofar por, masu gadi suka ce ba su gan shi ba. Aka kira shef ɗinsa, ya ce bai zo ba. Muka bi sito-sito, muka bi wuraren da 'yan dako ke cin abinci, muka tambayi mai gasa kifin nan. Alhaji ya bar albasarsa a kan mota ya zo da mutanensa, suka bazu har bakin gada. Na gan shi yana tare masu wucewa yana nuna musu hoto a waya, babbar rigarsa duk ta jiƙe da ruwan sama. Har magariba babu labari.

Kashegari masunta suka sami gawar Isuhu a cikin lagun, babban tafkin nan da ya ratsa Abidjan.

Na je ta'aziyya bayan an yi jana'iza. An kafa rumfa a tsakar kur, maza a tabarmi, mata a ciki. Maƙwabta 'yan ƙabilar Baule da Jula suna shigowa suna cewa "yako", yadda ake jajanta wa mutum a nan. Labarin da ke yawo shi ne ya je neman komawa aiki, santsi ya kwashe shi a bakin ruwa. A takardar mutuwa ma nutsewa aka rubuta. Babu wanda ya yi gardama, ni ma ban yi ba. Allah kaɗai ya san abin da ya faru a bakin ruwan nan, kuma babu wanda ya gani.

Zan tafi ke nan aka ce Alhaji na kirana. Na same shi a bayan rumfar shi kaɗai. A 'yan kwanakin nan ya zama wani tsoho daban. Na yi zaton faɗa zai yi mini, ko ya ce ni na tayar da abin. Sai ya ce in zauna.

"Ɗiyata, ciwon nan ana gadonsa?"

Na ce ni ba likita ba ce.

"Uwar Isuhu haka ta yi. Ba Hajiya A'isa ce ta haife shi ba. Bayan ta haifi ƙanwarsa sai ta daina magana, ta daina ci, tana zaune tana kallon bango. Muka ce iska ce. Na mayar da ita gida Nijar wajen danginta, ba ta shekara ba ta rasu. Ban taɓa gaya wa yaron yadda aka yi ba. Da na ga ya fara zama irin nata, wallahi tsoro ne ya kama ni. Gani nake in ban kira abin da suna ba, zai wuce."

Ya juya yana kallon jikarsa da wata mata ke riƙe da ita.

"Zainabu ma ba ta barci tun ranar. Ba ta kuka, ba ta magana. Ba ni katin likitar nan."

Na ba shi. Bai jira ta gama takaba ba. Ya tambayi Malam Sani, malam ya ce fita neman magani ba laifi ba ne, sai Alhaji da Hajiya A'isa suka sa Zainabu a taksi suka kai ta Treichville. Ta daɗe tana zuwa. Yanzu tana ɗinki a Adjamé, muna gaisawa in na bi ta layinsu.

Da sakamakon binciken ya fito na karanta shi, kuma ban ga aibunsa ba. An yi aikin bisa ƙa'ida, ya kuma nuna abin ya fi yadda mutane ke zato. Amma na san a cikinsa gidan nan na Williamsville dattijo ɗaya ne mai cin abinci da barci lafiya. Isuhu bai shiga lissafin masu damuwa ba, bai kuma shiga lissafin waɗanda ta kashe ba. Tun daga lokacin, duk lambar da na gani a kan wannan ciwo, nakan ɗauka ita ce mafi ƙaranci.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Kada ku taɓa musanya wanda na'ura ta zaɓa, ko da zuciyarku na ƙuna, don in kuka yi haka kun lalata aikin kowa. Amma mutanenmu ba sa kawo damuwarsu bakin ƙofa. Wanda ya fi buƙatarku sau da yawa shi ne wanda aka yi shiru da aka zo kan sunansa, kuma masu ɓoye shi ba mugaye ba ne, tsoro ne da kunya. In kun gama tambayoyinku, ku rufe tabilet, ku sa ta a jaka su ga kun sa, sannan ku tambayi mai gida ko akwai wanda hankalinsu bai kwanta da halinsa ba. Ku bar katin likita a kowane gida, an nema ko ba a nema ba. In kuma likita ta ce gobe, aka ce muku jibi, kada ku tashi daga tabarmar nan da wuri.